Sifilin Malam Haladu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ummi, ina fata takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ƙafarki ta taka ƙasar mutane cikin aminci. Allah da Ya ɗaga ki sama Ya sauke ki, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki tun daga ƙofar filin jirgi. Na cusa ta ne tsakanin ledar kuka da ta dambun nama, don na san halinki, ko me za ki manta a jaka ba za ki manta da dambu ba. Mahaifinki yana gaishe ki. Labarin gida kuwa babu wani sabo, yadda kika bar mu haka muke.

Kin san ba na iya zama in dube ki in yi doguwar magana. Ke ce ta fari, mu kuwa a gidanmu ba a sakin baki da ɗan fari. Ko sunanki ban taɓa kira a gabanki ba, ke ma da Adda kika tashi kina kirana, yadda kika ji ƙannena suna yi. To abin da bakina ya kasa yau biro zai yi. Ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe kafin ki kwance sauran kaya.

Kin tuna ranar da muke ɓarar wake a tsakar gida bayan la'asar, na ce ki gaya min da Hausa abin da za ki je yi? Mata sun ishe ni da tambaya. In na ce musu kwamfuta sai su ce ai uwarta ma kwamfuta ta yi, meye na zuwa bayan teku? Kika tashi kika je ɗan lambuna na gefen katanga, kika tumɓuke min tushen wake guda ba ko neman izini, kika kakkaɓe ƙasar kika nuna min ƙurajen nan da ke jikin saiwa. Kika sa reza kika tsaga ɗaya, cikinsa ja-ja kamar ɗanyen nama. Kika ce a cikin wannan ɗan ƙurjin akwai wasu halittu da ido ba ya gani, suna kamo wani sinadari daga iskar nan da muke shaƙa su mai da shi taki. Kika ce masana'antar takin zamani sai ta hura wuta mai tsanani, ta matse iska da ƙarfi, kafin ta yi abin da su suke yi a cikin ƙasa mai laima, ba hayaƙi ba ƙara. Kuma har yau masana ba su gama gane yadda suke yi ba.

Wallahi Ummi, tsigar jikina ce ta tashi. Shekara nawa ina ganin ƙurajen nan, na ɗauka ciwo ne na shuka. Kakanki Baffa, Allah Ya jiƙansa, ya sha cewa geron da ya bi bayan wake ya fi kai, muka ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Ashe wani aiki ake yi a ƙarƙashin ƙafarmu tun kafin a halicci wanda zai tambaya. Bayan kin shiga ɗaki na daɗe riƙe da saiwar nan, ba abin da nake iya faɗa sai tasbihi.

Sauran bayanin naki ban ce na gane shi duka ba, amma ga abin da na riƙe, in na yi kuskure ki gyara min. Kika ce kwamfutar da na sani, komai girmanta, kowace 'yar ƙwayar lissafinta ko dai i ko dai a'a. Ƙwayoyin zarra kuwa ba haka suke zama ba. Suna iya riƙe hali biyu a lokaci guda, kuma halin wannan a ɗaure yake da na waccan, shi ya sa in aka ce irin kwamfutarmu ta kwaikwayi sinadarin cikin saiwar nan sai lissafin ya fi ƙarfinta. Sai aka ƙera wata, kwamfutar kwantam, wadda ita kanta da wannan halin take aiki. Naki aikin shi ne rubuta manhajar da za ta jera mata umarni mataki bayan mataki, har ta yi kamar ita ce sinadarin, ku kuma ku zuba ido ku ga yadda yake motsi. Kika nuna min hotonta a waya, na ce wannan ai jeren tasoshin amarya ne aka rataye kai ƙasa. Kika yi dariya, kika ce can ƙasan tasoshin ya fi sararin da ke tsakanin taurari sanyi. Har yanzu in na tuna ɗan Adam ne ya haɗa wannan da hannunsa, kuma duk da haka saiwar wake ta fi shi sanin aikin, sai in rasa wanda zan fi mamaki.

Amma ba mamaki ne ya sa ni rubutun nan ba. Wata magana ce kika yi a ƙarshe, kina kwashe ɓawon wake, ba ki ma kula ba. Kika ce injin ba a tambayarsa sau ɗaya, sai an maimaita tambaya sau dubbai an tara amsoshi, don ɗan ɗumi ko 'yar girgiza kan ɓata masa lissafi. Kika ce aikin da ya sa aka kira ki can ya yi kyau, duk gwaje-gwajen sun hau layi, sai na rana ɗaya da ya fanɗare. Farfesanki ya ce tabbas mai kula da injin ne bai daidaita shi ba ranar, ki cire shi, a rahoto a ce laifin daidaitawa ne.

Na ce, "Kun tambayi shi mai kula da injin?"

Kika ce, "Adda, ko sunansa ban sani ba, ai ta intanet nake aika aikin."

Na ce, "To ke kin koma kin duba taki manhajar?"

Kika ce, "Adda ke nan! Gwaji ɗaya ne fa."

Na ɗauki waken na shige ɗaki. Yanzu ga abin da ban faɗa ba.

Shekarun farko bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa, Dutse ba ta wuce 'yan unguwanni a gindin duwatsu ba, ma'aikata sun kwararo daga Kano, ofis guda sai ka ga teburi huɗu da mutum goma. Ni da keken rubutu na fara, a wani ofis mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Da aka kawo kwamfuta guda aka rasa mai saurin hannu, sai aka tura ni kwas. Na dawo ni ce mai kwamfuta, ni kaɗai ce mace a sashen. Ɗakin nan an shimfiɗa masa kafet, an sa masa na'urar sanyi, kowa sai ya tuɓe takalmi kafin ya shigo, har manyan da nake durƙusa wa. Ki ƙaddara 'yar da ta tashi tana bin maruƙa da tallar nono ta samu wannan. Kaina ya kumbura har ya fi ɗankwalina.

Ga yadda aikin yake. Akwai Malam Haladu, mai awon ƙasa, mutumin Miga, siriri marar yawan magana. Shi ke zuwa ƙauye da ƙarafa huɗu da nannaɗin waya da wani akwati mai allura. Zai kafa ƙarafan a ƙasa, ya zuba musu ruwan gishiri a gindi, ya saki lantarki, ya karanta lambar da allura ta nuna, ya rubuta. Sai ya matsar da ƙarafan nesa, ya sake, don gwargwadon nisansu gwargwadon zurfin da awon ke kaiwa. Ƙaramar lamba alamar laima ce, babba alamar busasshen dutse. Ni kuma in shigar da lambobin, kwamfuta ta yi ta nuƙu-nuƙu, can sai ta zana mana cikin ƙasa hawa-hawa: ga yashi, ga laka, ga ruɓaɓɓen dutse mai riƙe ruwa. Ranar da na fara ganin wannan zanen ya fito a allo, abin da kika sa na ji da saiwar wake shi na ji. Ina zaune a kujera a Dutse ina kallon abin da ke ƙarƙashin wani ƙauye da ban taɓa takawa ba.

Wata rana Baffa ya shigo gari cin kasuwa, ya biyo ya ga inda nake aiki. Ya jingine sandarsa a ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a kan kafet yana kallon allo. Na yi ta zuba masa bayani da ƙarfi don na waje su ji. Da na gama ya ce, "To wa ya gaya mata abin da ke ƙasan?"

Na ce, "Baffa, ita ke lissafawa da kanta."

Ya ce, "A'a, ai ba ta je ba. Wanda ya je shi ya gaya miki, ke kika gaya mata. Naku take maimaita muku."

Na yi dariya, Ummi. Na yi wa mahaifina dariya a gaban masinja, na ce ba zai gane ba. Mutumin da shanunsa ba su taɓa kwana da ƙishirwa ba a cikin rani mafi tsanani, don ya san inda zai tona a busasshen rafi. Ya ɗauki sandarsa ya fita. Wannan ne kuskurena na farko, kuma shi ya buɗe wa sauran ƙofa. Don haka ki ji: duk ranar da injin nan naku ya ba ki amsa mai daɗi, ki yi masa tambayar Baffa. Wa ya gaya masa? Wane ɓangare ne halitta ta faɗa, wane ne ke kika sa masa a baki da umarninki? Kin ce kukan fara gwada shi da ɗan ƙaramin sinadarin da kowa ya riga ya san amsarsa. Kada girma ya sa ki daina wannan, ko an fara kiranki Dakta.

Kuskurena na biyu ya faru ne ina ɗauke da cikinki wata bakwai. Akwai wani ƙauye a ƙasar Buji, Tudun Gawo, matansa sai su yi tafiyar da ta kai daga sallar asuba zuwa hantsi kafin su kai ga ruwa. Malam Haladu ya auna wuri biyu, ɗaya can bakin wata fadama nesa da gidaje, ɗaya a tsakiyar gari kusa da masallaci. Kowa na tsakiyar gari yake so. Motar haƙa guda ce gare mu, kuma Injiniya, shugaban sashenmu, ya ce kafin azahar yake son takarda, don motar za ta tashi.

Na shigar da lambobin tsakiyar gari. Suna ta sauka a hankali gwanin sha'awa, sai guda ta yi tsalle: ɗari takwas da saba'in. Kwamfuta ta ƙi haɗa zanen. Na sake, ta ƙi. Janareta na tari, Injiniya ya leƙo sau biyu yana duba agogo. Na ƙura wa takardar ido, na ce a raina ai Malam Haladu rubutunsa kamar tafiyar kaza, ƙila bironsa ne ya zame. Na cire sifilin. Tamanin da bakwai. Nan take zanen ya fito sumul, ga ruwa kwance a ƙarƙashin masallaci. Injiniya ya ce, "Madalla da mai kwamfuta!" Har na ji daɗi.

Ki lura, ban ce a raina zan yi ƙarya ba. Cewa na yi gyara nake yi. Malam Haladu yana nan a harabar ofis a ƙarƙashin darbejiya yana naɗe wayarsa, taku ashirin ne tsakaninmu. Abin da ya hana ni fita in tambaye shi, wai kada a ga mai kwamfuta ta sa takalmi ta je neman sani wurin mai kafa ƙarfe.

Na san za ki ce naku daban ne, ku dole ne ku zubar da wasu amsoshin, akwai ƙa'idar yin haka. Na yarda, ko mai tankaɗe tana zubar da tsaki. Amma rariyar tun kafin a zuba gari ake zaɓenta. Ki rubuta ƙa'idar abin da za ki zubar kafin ki ga amsa, ki nuna wa wani, ki sa kwanan wata. Abin da kika zubar kuma kada ki share shi, ki ajiye shi a gefe da dalilinsa, inda na bayanki zai gani. Idan kika ga sai da amsa ta ɓata miki rai sannan dalilin cire ta ya zo miki, to ki tsaya, wannan muryar na san ta.

Motar ta yi kwana huɗu tana haƙa a Tudun Gawo. An ce ranar da ta iso mata har guɗa suka yi, suka jera tuluna a gindin katangar masallaci. Abin da ya yi ta fitowa farin garin dutse ne, busasshe ƙamas. Rana ta biyar aka naɗe kaya aka wuce wani ƙauyen, don jerin masu jira yana da tsawo. Ba a sake komawa ba.

Aka zauna bincike a ofishin Injiniya. Aka tambaye ni, na ce abin da aka ba ni na shigar. Aka nemi takardar awon, na ce na mayar cikin fayil, alhali tana ninke a ƙasan jakata. A lokacin kowa ya yarda kwamfuta ba ta kuskure, sai dai mutum, kuma mutumin da ya fi sauƙin nunawa shi ne wanda ya dawo da ƙura a ƙafa. Aka juya ga Malam Haladu. Ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Aka karɓe akwatin awon daga hannunsa, aka mai da shi gadin sito. Bai cika shekara ba ya ajiye aikin ya koma gona.

Wannan shi ne na uku, kuma ya fi na biyu muni nesa ba kusa ba. Cire sifili na minti ɗaya ne, cikin gaggawa da wauta. Wannan kuwa ina zaune, ina cikin hankalina, ina kallon mutum ana tuɓe masa sana'arsa. Ummi, mai kula da injin nan naku mutum ne. Wani ne ke tashi ya duba sanyin tasoshin nan, ya daidaita su ɗaya bayan ɗaya, ke kina Jigawa kina aika umarni. Kalma ɗaya a rahoto, a ce laifin daidaitawa ne, a wurinki layi ne, a wurinsa ƙila ita ce za a tuna ranar da za a zauna a kan aikinsa. Mai yiwuwa ma laifin nasa ne, ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba, kuma abin da nake gaya miki ke nan.

Kina 'yar shekara huɗu ko biyar aka shigo shekarun shari'a. Gari ya cika da wa'azi, mu matan ofis muka ƙara tsawon hijabi, muka shiga Islamiyyar Asabar da Lahadi. Malamarmu 'yar gidan malamai ce daga Kafin Hausa, ba ta ɗaga murya amma maganarta tana shiga jiki. Wata Asabar ta yi darasi a kan shaidar zur da tauye mudu. Mata suka yi ta gyaɗa kai suna ambaton masu awon hatsi na kasuwa. Ni kuwa gumi ne ya jiƙa min hijabi, don na san nawa mudun da lamba na tauye shi. Na dawo gida na ɗauki biro zan rubuta wa Malam Haladu, na yi layi uku na yage.

Kin san abin da na yi a maimakon haka? Randar nan ta ƙofar gidanmu, wadda kika tashi kina ganin ina cika ta kowace safiya don masu wucewa. Unguwa duk ana yaba min, ana cewa Hajiya mai sadakar ruwa. Yau kin san asalinta. Na hana wani gari ruwa a Buji, na zo ina shayar da mutanen Dutse masu famfo a gidajensu, ina lallashin zuciyata. Allah Ya karɓa in akwai abin karɓa a ciki, amma ba ta mayar wa Malam Haladu akwatinsa ba. Idan kika ɓata abu, ki gyara shi a inda kika ɓata shi, wurin wanda kika ɓata wa, kuma da wuri. Kowace shekara da na ƙara sai bakin ya ƙara nauyi, har na wayi gari na yi ritaya da takardar nan a ƙasan akwatin zannuwana.

Maganarki ta ranar ɓarar wake ce ta tashe ni. Na ga ba ni da bakin ce miki ki mayar da gwajinki alhali nawa sifilin yana ƙasan akwati. Na gaya wa mahaifinki komai. Da na gama ya ce in shirya. Ranar Talatar da na ce miki za mu gaisuwar rasuwa, Miga muka je. Ki yafe min wannan ƙaryar ma.

Mun same shi a rumfar ƙofar gidansa yana gyaran igiya. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, amma ina yin sallama ya ce, "Mai kwamfuta ce?" Na durƙusa na gaishe shi. Na fito da takardar, na faɗa masa duk abin da na faɗa miki, ban rage ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya dafa gwiwa ya miƙe, ya shiga ciki, ya fito da wani tsohon littafi da bangonsa ya ci. Ya miƙa wa mahaifinki ya ce ya buɗe inda aka naɗe gefen shafi. Kwafin kabon ne, shuɗi, ya kusa gogewa. Ɗari takwas da saba'in, da sifilinsa ɓaro-ɓaro.

Ya ce, "Ai ni ba na awo sai da kabon. Ranar binciken yana cikin aljihuna."

Na ce, "Malam, don Allah me ya hana ka fito da shi?"

Ya ce, "Na sa hannu zan ciro, sai na dube ki. Cikinki ya tsufa, ƙafafunki sun kumbura ko takalmi ba sa shiga. Kuma na san abin da ake faɗa a ƙarƙashin darbejiya, cewa ɗakin nan ba na mace ba ne, jira kawai ake ki yi tuntuɓe. Na ce ni ina da gona. Ke da abin da ke cikinki fa?"

Ummi, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Baffa. Shekara kusan talatin ina ɓoye wa mutum abin da yake ɗauke da shaidarsa a aljihu. Duk abin da kika ci, duk makarantar da kika shiga da aikin nan nawa, a kan shirun wannan bawan Allah aka gina shi.

Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Nawa na yafe tun a ranar. Amma kada ki ɗauka na yi daidai. Da na fito da shi, da motar ta koma bakin fadama, don awon can mai kyau ne. Na tausaya wa mace ɗaya da nake gani, na manta da matan da ba na gani. Shekara bakwai suka ƙara suna wannan tafiyar kafin wasu su zo su haƙa, kuma a bakin fadamar suka samu. Wannan ni da ke muka yi shi, kuma ba ni ne mai yafe shi ba."

Ki riƙe wannan ma, don ni ban taɓa tunaninsa ba sai da ya faɗa. Wata rana ke ce za ki ga kuskuren wani, tausayi ya ce ki rufe. Ki rufa wa mutum asiri iyakar iyawarki, ki ja shi gefe, ki tsaya masa a gaban manya, amma lambar a gyara ta. Akwai masu jiran abin da zai fito daga aikin nan naku, ko da bayan shekaru ne, manoma irin na Miga da ba za ki taɓa ganin fuskarsu ba.

Da za mu tafi ya ce, "Af, ban tambaya ba. Me aka samu?"

Na ce mace. Ya ce tana ina, me take yi? Na kwashe bayanin saiwar wake da tasoshi masu sanyi na gaya masa yadda na iya. Ya saurara baki buɗe, ya sa aka tumɓuko masa tushen wake daga gefen danga, ya yi ta shafa ƙurajen da yatsa tunda ido ba ya gani sosai. Yana ta cewa, "Ikon Allah! A nan ciki? Ikon Allah!" Sai na gaya masa zancen gwajin rana ɗaya da ya fanɗare. Can ya sa hannu ya yage shafin kabon daga littafin da ya adana duk shekarun nan, ya miƙo min.

Ya ce, "Ki ba ta. Ki ce mai kafa ƙarfe yana gaishe ta. Ki ce ƙasa ba ta taɓa yi min ƙarya ba, ko ranar da ta faɗi abin da ba ma so. Ta bar sifilin inda ta same shi."

Ga takardun biyu nan na haɗa miki a cikin ambulan, fara da shuɗiya, tawa da tasa. Ba na ce ki yi wa farfesanki tsaurin ido ba, malaminki ne, ki ba shi girmansa. Abin da nake roƙo, ranar da kika fara shiga wurin aiki, kafin ki tsaya kallon injin, ki tambayi wanda ya kula da shi a waccan ranar. Ki san sunansa, ki gaishe shi, ki nuna masa gwajin, ku duba tare, nasa da naki. In laifin daidaitawa ne, ku rubuta da shaida. In manhajarki ce, ki faɗa da bakinki kafin wani ya faɗa. In kuwa ba ɗaya daga ciki, to wataƙila halitta ce take gaya muku abin da ba ku tambaya ba, kuma don jin irin wannan aka ƙera injin tun farko. Ko da mayar da shi zai rage wa aikinki kyau, ki mayar. Taku ashirin ne, Ummi. Ni ban yi su ba.

Ni kuma ranar Asabar in Allah Ya kai mu za mu Tudun Gawo, ni da mahaifinki. Ban san wa zan tarar ba cikin matan da suka jera tuluna, ban kuma san da wane ido za su dube ni ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ki sa ni a addu'a.

Ki kula da sallarki a kan lokaci, ko rana ta ƙi faɗuwa ko ta ƙi fitowa a garin nan naku. Ki ci abinci mai zafi, ki rufe ƙirjinki, sanyin tasoshi ya ishe ki ba sai kin ƙara da na waje ba. Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na son rai, Ya buɗe miki abin da Ya ɓoye a cikin saiwar nan gwargwadon abin da zai amfani bayinSa. A gabanki ban taɓa iya kiran sunanki ba, amma a gaban Ubangiji kullum da shi nake roƙo. Ya Allah, ga Hafsatu nan, amana a hannunKa. Ka dawo min da ita lafiya, hannunta tsaf.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Adda